Shafi na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya Jalaluddeen ya yi a bayan wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe, a tashar motocin da ke zuwa Kumba da Bamenda, yana yankan tikiti yana amsa tambaya ɗaya tilo sau ɗari biyu a yini: ƙarfe nawa mota za ta tashi. Amsar kuwa tana rubuce ɓaro-ɓaro a allo, daidai saman kansa. Bai taɓa ganin wanda ya ɗaga kai ya karanta ba. Ran nan sai ya ciro allon ya kafa shi a ƙasan tagar, inda idon mutum ke sauka in yana laluben aljihu, nan take tambayar ta ragu da rabi. Wannan shi ne abu mafi girma da ya yi a tashar, kuma ko sannu ba wanda ya ce masa.

Da rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya yi ƙamari, hanyar ta mutu murus. Ranar Litinin a can an hana fita, ba mai leƙowa waje, sauran ranakun kuma direba sai ya bar wasiyya kafin ya kama sitiyari. Motoci goma sha biyu suka koma uku, tagogi huɗu suka koma ɗaya, kuma ba tasa ce ta rage ba. Ya tattaro ya dawo gida New Bell, unguwarsu ta Hausawa a Douala, da takardar sallama, ya ajiye ta a ƙasan akwati kusa da digirinsa na nazarin zamantakewar ɗan Adam, wanda shi ma tun da aka karɓo shi bai taɓa fita shan iska ba.

In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Wata bakwai ya yi yana zarya wani shagon intanet kusa da kasuwar Marché Central, yana koyon wata sana'a da ake kira UX. A taƙaice, aikin shi ne ka tsara manhajar waya yadda mutum zai shiga ya yi abin da ya kawo shi ya fita ba tare da ya ɓata ko ya zagi uwar wani ba. Da Jalaluddeen ya gane haka sai ya yi murmushi, don ashe abin da ya yi da allon tasha yana da suna, har ma ana ba mutum kujera mai juyawa a kansa.

Wahalar ita ce bayyana wa Inna Hawa'u. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ya buɗe ido bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma in da yadda za ta yi ba ta yi masa magana kai tsaye. Ƙanwarsa Zainabu, wadda ke ɗinki a zauren gidan, ita ce gadar da saƙo ke bi. Yana zaune a tabarma ɗaya da ita Inna za ta ce, “Zainabu, tambayi yayanki, wannan sabon aikin gyaran waya ne?” Ya ce ba gyara ba ne. Aka tambaye shi ko sayarwa ne, ya ce a'a. Daga nan Inna ta yanke hukunci cewa yaron dai har yanzu bai samu aiki ba, ta ƙara masa miya. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar wannan ɗabi'a tata a bakin komai ba. Yadda ba ka lura da ƙofar ɗakinku, haka bai lura da ita ba, sai dai can ƙasan zuciyarsa, tun yana ƙarami, yana ganin kamar an fi son Zainabu.

Aikin ya samu a wani ƙaramin kamfani a unguwar Deïdo, ɗaki biyu a saman wani shagon sayar da taya. Mai kamfanin, Madam Enanga, daga Buea ta kwaso ma'aikatanta ta gudo da su Douala tun lokacin da aka yanke musu intanet wata uku. Suna gina manhajar da za ta ba mata masu hawan jini da ciwon suga damar kama layin asibiti daga gida, maimakon su je tun asuba su yi ta tsayuwa. Turawan da ke ɗaukar nauyin aikin sun dage sai an sa unguwar Hausawa a cikin gwajin, kuma duk ofishin ba mai jin ko “ina kwana”. Sai ga Jalaluddeen da Hausa da Faransanci da ɗan Fulatanci na sayen nono. Madam ta ba shi gwajin wata uku. In matan New Bell sun yi rajista, kujerar ta zama tasa. In ba su yi ba, kowa ya kama gabansa.

Ya zuba basira, wannan kam ba a musu. Ya san yawancin tsofaffin unguwarsu ba sa karanta Faransanci, don haka ya sa manhajar ta riƙa magana da Hausa, mace kuma ta amsa da baki. Da yake ba wanda za a ɗauka, muryarsa ya naɗa. Shafi na farko sunanki, na biyu unguwarki, na uku ciwon da ke damunki. Shafi na huɗu kuma tambayar sirri ce, saboda waya ɗaya mutum biyar ke taɓa ta a gida, dole a san mai layin. Ya kwana biyu yana neman tambayar da ba macen da za ta manta amsarta, har ya samo ta a wani darasin Turawa. Da ya kawo ta ofis sai da aka tafa masa. Ya shiga bayan gida inda ba hayaniya, ya gyara murya, ya naɗa: “Faɗi sunan ɗanki na fari.”

Mai digirin zamantakewa ke nan, ɗan fari, haifaffen New Bell.

Bayan wata biyu sakamako ya fito. A Deïdo, cikin mata goma bakwai sun gama rajista. A unguwar Village shida. A unguwar Hausawa, in ka cire 'yan mata masu jarirai da suka yi makarantar boko, ba ko ɗaya. Suna farawa, sai su ɓace a hanya. A wane shafi suke ɓacewa, wannan ba wanda ya sani, don Tabe, injiniyan da ke rubuta manhajar, bai sa abin da zai nuna hakan ba.

Jalaluddeen ya ɗauki waya da littafi ya shiga gida gida, kamar yadda darasi ya ce a yi. Darasin dai bai san New Bell ba. Ko'ina ya yi sallama sai a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a yi wa mahaifinsa marigayi Malam Ilu addu'a, sannan a karɓi wayar da hannu biyu. Hajiya Dada ta faɗi sunanta da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren kogin Wouri, ta faɗi unguwa, ta zayyana ciwonta tun daga na gwiwa, sannan da muryar ta yi tambaya ta huɗu sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Nana Hadiza a daidai nan ta ji alwalarta na neman karyewa. Wata ta ce idonta ne ke yaji, alhali ba abin karantawa. Da ya tambaye su ina matsalar take, duk bakinsu ɗaya: babu matsala, abu ya yi kyau, Allah ya yi albarka, Malam Ilu ya bar baya. Wace uwa ce za ta dubi ɗan mutane da ya shigo da aikinsa ta ce masa bai iya ba? Ya cika shafi goma sha tara da “madalla”.

Ya koma ofis ya ƙara girman maɓalli. Ya mayar da shi kore. Ya rage saurin muryarsa. Ya sa wata 'yar ƙararrawa mai daɗi a ƙarshen kowane shafi. Tukwanen New Bell suka ci gaba da neman ƙonewa a shafi na huɗu.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe Madam Enanga ta kira shi. Ba muguwa ba ce, gajiyayyiya ce, mace mai 'yan'uwa goma sha ɗaya da suka gudo suna kwana a falonta. Ta gaya masa Turawan za su leƙo ta bidiyo ranar Juma'a, kuma abu ɗaya suke so su gani: hoton bidiyo na mace guda daga unguwar Hausawa, mai shekara hamsin ko fiye, tana rajista daga farko har ƙarshe. In akwai, za su ci gaba da ɗaukar nauyin kujerarsa. In babu, ita ba ta da yadda za ta yi.

Ranar Laraba, yunwa da baƙin ciki suka kai shi rumfar Rakiya a bakin kasuwa, inda take tuyar waina. Rakiya 'yar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, kuma a duk faɗin Douala ita kaɗai al'ada ta ba lasisin ta ci masa mutunci a bainar jama'a ya yi dariya. Ta ce ta ji labari bawanta ya zama mai yawo da waya gida gida kamar mai tallan maganin basir. Ya miƙa mata wayar don ta yi shiru. Ta goge hannu a zani, ta bi shafi uku tana kwaikwayon muryarsa, sai ga na huɗu.

Ta ajiye cokalin juya waina. Ta dube shi tun daga takalmi har gilashi.

“Wannan ka kai wa Hajiya Dada?”

Ya ce ita da wasu goma sha takwas.

“Kana zaune a gabansu, da muryarka, kana cewa su faɗi sunan ɗan fari?” Ta juya wainar da ta fara ƙonewa. “Jalal, shekararka nawa?”

“Talatin da shida.”

“A cikinsu, sau nawa ka ji Gwaggo Hawa'u ta kira sunanka?”

Ya lalubo a ransa, bai samu ko sau ɗaya ba. Wani ɗan dako ya wuce da buhun albasa ya bangaje shi, bai ma ji ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya ji kunnuwansa sun yi zafi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to shi a ƙarƙashin yoyon aka haife shi, ya girma yana ɗigar masa a ka, ya je jami'a ya dawo, bai taɓa ɗaga kai ba. Rakiya ta zuba masa waina biyar ta ce ya ci, wataƙila ƙwaƙwalwar ta tashi.

Ya hau bensikin, wato acaɓa, ya nufi Deïdo da murnarsa, don gyaran bai fi na minti goma ba: a cire tambayar, a sa wata. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tabe ya tafi Kumba jana'izar kawunsa, an rufe garin, ba shiga ba fita, wayarsa ma ba ta shiga. Shi kaɗai ke iya taɓa cikin manhajar. Madam ta saurari bayanin Jalaluddeen, ta ce ta ji, amma Turawa ba bayani suka nema ba, bidiyo suka nema. Ta ce ya nemo mace ɗaya kawai, ko wace ce.

Bai nema ba. Yanzu da ya san abin da yake roƙo, ƙafarsa ta ƙi shiga gidan kowa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ruwa ya tsuge, irin na watan Agusta da ba ya sallama kuma ba ya ban kwana. Yana kwance a ɗakinsa yana lissafin tashoshin motar da suka rage a gari, sai Zainabu ta leƙo ta ce Inna na kira, kuma ya zo da wayar aikin. Ashe Rakiya ta biyo da safe, kuma bakin Rakiya ba ya ajiya.

Inna Hawa'u na zaune a bakin gado da mayafinta na zuwa biki. Shekararta hamsin da takwas, hawan jini ya kai ta layin asibiti tun asuba ya fi a ƙirga. Ba ta dube shi ba. Ta ce wa Zainabu ta gaya wa yayanta ya kunna abin ɗaukar hoton.

“Inna, ba sai kin yi ba,” in ji shi. “Akwai wata tambaya a ciki da...”

“Zainabu, na tambaye shi?”

Zainabu ta karɓi wayarsa ta riƙe tana ɗauka, shi kuma ya miƙa wa Inna ta aikin. Muryarsa ta fito daga ciki, a natse, da ladabi, ta nemi suna. Ta ce Hawa'u. Ƙararrawar nan tasa ta yi ƙara. Unguwa, ta ce New Bell. Ciwo, ta ce jini ne ke hawa, ba ta ƙara ko kalma ba. Sai muryar ta ce, “Faɗi sunan ɗanki na fari.”

Ruwa na dukan kwanon rufi. Inna ta juya a hankali ta fuskanci bango, ta ba su baya, ta ja mayafi ta rufe kai da wayar gaba ɗaya. Sun ga kafaɗarta ta motsa. Ba su ji komai ba.

Wayar ma ba ta ji ba. Muryar Jalaluddeen, cikin fara'ar da ya sha wahala kafin ya naɗa daidai, ta ce, “Ba a ji ba. A ɗan ɗaga murya.”

Ya miƙa hannu zai karɓe wayar. Kafin ya kai, daga ƙarƙashin mayafin, da muryar da ta fi ruwan ƙarfi, ta faɗa.

“Jalaluddeen.”

Ba Jalal ba, yadda kowa ke yanke shi. Cikakke ta faɗe shi, kowane harafi a wurinsa, ta ja ƙarshensa, kamar sunan da aka daɗe ana maimaitawa a inda ba mai ji. Ƙararrawar ta yi ƙara. Muryar ta taya ta murna, ta ce an gama rajista.

Ya tsaya da hannunsa a miƙe. Ya sha jin sunan nan a bakin malamai da 'yan sanda da fasinjoji masu fushi, bai taɓa sanin haka yake ba. Abin da ya riƙe a ƙasan zuciya tun yana yaro, wai an fi son Zainabu, ya nema ya rasa. Daɗi da kunya da tausayi suka haɗu masa wuri ɗaya. Inna ta ajiye wayar a kan gado ba tare da ta juyo ba, ta ce wa Zainabu ta gaya wa yayanta ya fita, za ta yi lazimi.

Ranar Juma'a ya isa Deïdo da bidiyon a aljihu, minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Matasan ofis sun jera kujeru gaban babban allo, an sayo lemo, saura rabin awa Turawa su leƙo. Tun a kan bensikin yake juya abin. In ya miƙa, kujera ta zama tasa. Za a haska bayan Inna a bango, yara masu shan lemo su kalla, wasu mutane a wata ƙasa su tafa. Sannan kowa zai ce ga shi nan, tambayar ba ta da laifi, tsohuwa ta amsa, sauran ma a ƙara musu wayar da kai. Shi kuma abu ɗaya da ya koya a wata bakwai na shagon intanet shi ne, in mutum ya wuce ta ƙofarka da ƙyar yana zubar da jini, ba ka cewa ƙofar ta yi.

Madam Enanga ta miƙo hannu ta tambaye shi ina bidiyon.

“Babu, Madam.”

“Ko ɗaya? Duk New Bell?”

“Ba macen da ya kamata a sa ta amsa wannan tambayar. Ni na sa ta, kuskurena ne. In Tabe ya dawo a cire.”

Ta daɗe tana kallonsa, har da aljihun rigarsa inda wayar ta yi tudu. Mace ce mai wayo, wataƙila ta gane, wataƙila ba ta gane ba. Ta ce za a cire. Sannan ta ce masa “ashiya”, kalmar da mutanensu ke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa da wanda ya yi tuntuɓe duka, ta kuma ce ya bar katin shiga ofis a kan tebur. Ya bari. Kujerar mai juyawa ya ɗan juya ta sau ɗaya kafin ya fita, don dama bai taɓa samun sukunin yi ba.

An cire tambayar bayan kwana goma sha biyu, da aka buɗe hanyar Kumba. Aka sa wadda ya rubuta ya bari a takarda, sunan ƙawarki ta ƙuruciya. Hajiya Dada ta yi rajista a zama ɗaya, har ta ba wayar tarihin ƙawar. Wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, da ya dawo daga masallacin Juma'a, ya tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, Zainabu na gefe tana cire zare daga wata riga. Ya zauna a bakin tabarma.

“Zainabu, tambayi yayanki, sun ɗauke shi?”

“Ba su ɗauke ni ba, Inna.”

Hannunta bai tsaya ba. Ta fitar da wani ɗan tsakuwa ta jefar.

“Sun ga abin?”

“Ba wanda ya gani.”

Nan hannun ya tsaya. Ta ɗago, kuma a karo na farko da zai iya tunawa ta dube shi ido cikin ido, ba ta gefen mayafi ba. Bai san ko faɗa za ta yi ba, tunda ta zubar da kunyar shekara talatin da shida a kan aikin da ya je ya ajiye da hannunsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da kanta kan tire, ta ce wa Zainabu in an sauke a sa masa cinyar kaza, ba fiffike ba. Can kuma, kamar abin bai dame ta ba, ta ƙara da cewa a gaya masa ya goge abin nan daga wayarsa.

Jalaluddeen ya ciro wayar, ya danne-danne ta yadda za ta gani, ya mayar aljihu.

“Na goge,” in ji shi.

Tun da ya yi wayo bai taɓa yi wa Inna ƙarya tana kallonsa ba sai ran nan. Ita ma ba ta ce Zainabu ta duba ba.